Golan da Yab Bi Sa

Jega,
19 ga Yuli, 1992.

Zuwa ga Yayata Iklima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da bege, ina hwatan kina lahiya awa yadda muke nan. Ƙaƙa Badun, ƙaƙa maigidanki Ummaru da kasuwa? Ɗiyata Ummukulsum ta hwara tahiya, ko har yau rarrahe take tana cin ƙasar Yarbawa? Mu nan dut lau. Damana ta zauna, gero ya kai ƙugu, Baba na gaishe ki.

Yalwa direba za shi kawo maki wagga takarda. In kin ji tana warin albasa kada ki ga laihina, cikin aljihunai za ta yi kwana ukku. Sau biyu wanga wata ina aika maki gaisuwa cikin zaɓi sonka, sai daga baya nat tuna rediyonmu ba ta kai Badun. Mai karantawa har ya san hannuna, cewa shike ga Shafa'atu Ɗantsoho Jega ta sake dawowa.

To riƙe zanenki ki ji labari. Na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo! Malam Yusuhu na makarantarmu ta da, shi as shugaba. Bayan la'asar muke taruwa gindin dogon yaro. Baba ya yarda, don da rana muke yi, kuma na hwarkon da munka yi na riga-kahi na.

Amma sai na koma baya, in ba haka ba ba ki gane sauran. Kin daɗe kina ce min in ba ki labarin abin da yas sami Baba bara, ina ta kwana-kwana don ya hana a yi zancen cikin gida. Yau ga shi dut.

Da anka ba mu jiha, bayan kun tahi da wata biyu, anka shirya ƙwallon murna tsakanin dattawan Jega da dattawan Aliero, a hilin Maiyama don kada a ce wani ya ci albarkacin gida. Kin san su Baba, kowa ya ba hamsin baya, ga tumbi ga hurhura, amma cika baki sai ki toshe kunne. Baba ag gola, amininai Baba Maigari ak kyaftin. Wani alhajin albasa yab ba da bajimi baƙi, yac ce na wanda yac ci na. Anka ɗaure shi ga turke bayan ragar Baba.

Anka yi ta bugu babu ci har saura minti biyat. Dattawa sun gaji lis, wasu na riƙon ƙugu, wani ya zauna tsakar hili shina kiran a kawo mai ruwa. Sai wani ɗan Aliero yat taho da ƙwallo, shi ma da kyat shike numhwashi. Daidai nan sa yat tsinke igiya. Yaya, Baba ko kallon ƙwallo bai yi ba! Yaj juya yab bar raga wayam yab bi sa da gudu, har bayan wasu zana da anka kakkahwa gehen hili, yac cahke ƙahoninai awa zamanin da shike hawan ƙaho. Shi ko ɗan Aliero, an ce har tsayawa yay yi yag gyara wando sannan yat tura ƙwallo cikin raga. Ɗaya da nema. Can sai ga Baba ya jawo san, anka karɓa anka miƙa ma mutanen Aliero. Wato shi yab ba su ci, shi kuma yak kamo musu nama.

Tun ran nan sunanai ya koma Bi-Sa. Baba Maigari yac ce mai gaban jama'a wai mahauci ko ana ɗaura mai aure yag ga sa, sai shi bar waliyyai shi bi. Baba yat taho gida. Yan ninke rigar golanai, koriyar nan da marigayiya Inna tay yi ma hwaci ga kahwaɗa, yas sa cikin adaka. Bai sake taka hili ba. Shi da Baba Maigari ko wurin suna sunka haɗu, kowa tabarmatai daban.

To ni da wanga baki nawa da bai da linzami. Malam Yusuhu na neman wasan da za mu yi ran cikar jiha shekara guda, sai nat tashi nak kwatanta musu gudun Baba. Yaya, har da masu hwaɗuwa ƙasa don dariya. Malam yac ce shi ke nan an samu wasa.

Mu ba rubuta wasa muke ba. Malam kan hwaɗi inda labari za shi hwara da inda za shi ƙare, tsakiya kowa shi ci da bakinai. Doka guda ɗai gare mu: in kana bisa dandali, abin da ɗan'uwanka yah hwaɗi ya zauna, ba ka ƙaryata shi gaban mutane, sai dai ka ɗora.

Buba mai gyaran keke shi za shi hito gola, da matashi cikin riga. Sa ko mutum biyu na cikin baƙin bargo da ƙaho na gaske, na baya kullum shina ƙarar na gaba wai wake shike ci kahin shi zo. Ni am mai ƙosai a gehen hili, aikina in riƙa tsokanar 'yan wasa, dattijo zo ka sayi na zahi ko ƙahwa ta ɗauke ka.

Kada hankalinki shi tashi, mun canza sunaye, garuruwan ma Gabas da Yamma munka ce. Rigar Baba dai na ɗauko ta cikin adaka don ba mu da wata. Aro nay yi, ba sata ba. Ba shi buɗa adakar ko da wasa.

Ki gaida Ummaru, ki sumbatar min ɗiyata. In Yalwa za shi dawo ki saƙo min ɗan kunne irin mai lilo.

Taki har kullum,
Shafa'atu.


Jega,
3 ga Agusta, 1992.

Yaya Iklima,

Sallama da gaisuwa. Ina hwatan ke da mutanen gidanki kuna cikin ƙoshin lahiya. Ɗan kunne ya iso, na gode, Allah shi bar zumunci. Takardarki ma ta iso, na karanta hwaɗan da kinka yi min shahi biyu cur. Dut abin da kinka ce gaskiya ta. Da ta riga Asabar isowa da ta yi min rana.

Ran Asabar munka kai wasan Aliero don gwaji. Yaya, mutane har bisa katanga, har bisa rumhunan albasa. Buba na hitowa da koriyar riga sai wani tsoho yam miƙe cikin taro yac ce wallahi wagga rigar Ɗantsoho ta, ga hwacin nan ga kahwaɗa, shi ba shi manta ta don ita yag gani tana gudu rad da yac ci ƙwallo. Ashe shi na mai gyaran wandon! Anka ɗauko shi anka aza bisa dandali, yan nuna yadda yay yi. Gabas da Yammanmu ta tashi banza, kowa Jega da Aliero shike hwaɗi. Ba ni ɓoye maki, ni ma na ji daɗin sowa. Dut tsokanar da nay yi sai wuri shi ɗauka. Sai da munka hau a-kori-kura za mu gida nat tuna da Baba.

Kin san 'yan tasha, labari ya riga mu isowa. Na ishe Baba zaune bisa tabarma, adaka buɗe gabanai. Nad durƙusa nag gaishe shi, ina jiran sanda. Abin da yac ce ɗai shi na, in kun gama da ita a wanke ta da ruwan sanyi don tana zuba, kuma kada a shanya ta cikin rana. Yat tashi yat tahi masallaci. Wallahi da dukana yay yi da ya hi min sauƙi.

Ga abin da yah hi ci min rai. Kin san tunda anka sa min sunan Kaka, Baba bai taɓa kirana da komi ba sai Uwata. To tun ran Asabar na koma ke. Ke, kawo buta. Ke, ruhe ƙohwa. Tuwona ma loma biyu shike yi shi ture. Jiya an ce wasu 'yan iskan samari sun bi ta gaban teburinai a kasuwa suna kukan shanu, yan naɗe wuƙaƙenai yad dawo gida tun azahar ba ta yi ba. Zancen da ya hwara kwantawa, ni nat tone shi da hannuna.

Yau da sahe nat tahi wurin Malam Yusuhu nac ce na hita, kuma a bar wasan. Yac ce Shafa'atu ai bakin alƙalami ya bushe. An riga an buga takardar biki, ran ashirin da bakwai za mu yi shi nan Jega gaban ciyaman, kuma an gayyato dattawan ƙwallo na garin biyu su zauna kujerun gaba. Wai in na hita, sai shi ɗaura ma wani mai gemu zane shi yi mai ƙosai, mutane ma su hi dariya. Malam ba mugu ba na, amma sowar Aliero ta shiga mai kai.

Don haka hitata ba ta tsai da komi. Na dai karɓo rigar, yac ce to su ɗinka wata koriya, har da hwacin. Kin ji. Nam mayar musu, don tasu ba ta rage ma Baba komi.

Na zauna cikin ƙungiya ban san mi nike jira ba. Ko rediyo ban aika ma takarda ba wanga mako, kin san abin ya kai. Ki sa ni addu'a, kuma don Allah takarda ta gaba ki rage hwaɗa, na ƙoshi.

Ƙanwarki mai baki,
Shafa'atu.


Jega,
17 ga Agusta, 1992.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ƙaƙa kuke, ƙaƙa jikin Ummukulsum da haƙoran da kinka ce suna hitowa? Allah shi sawwaƙa. Zauna ki karanta wagga a natse, ko tuwo na bisa wuta ki sauke.

Shekaranjiya munka kai wasan Maiyama, hilin nan dai da abin yah hwaru. Garin sauri nam manta kaskona gida. Mu dama haka muke, dut garin da munka tahi can muke aron kaya, ko turmi ko rawani. Sai nag ga hayaƙi bayan wasu zana gehen hili, nal leƙa, na ishe wata dattijuwa na suyar ƙosai. Inna Mero sunanta. Hwara ta, mai wushirya, tana jan ƙahwa guda. Tab ba ni ɗayan kaskonta da matsami ba musu, har tac ce ba haka ake riƙon matsami ba ɗiyata, tag gyara min hannu.

Muna cikin wasa ina hangenta tsaye, hannu ga ƙirji. Kowa na dariya ban da ita. Da Buba yab bi sa mutane na ihu Bi-Sa, Bi-Sa, sai nag ga ta juya ta koma bayan zana.

Da nak kai mata kasko tac ce ke ɗiyar wa ce? Nac ce Ɗantsoho mahauci na Jega. Yaya, matsami yah hwaɗi daga hannunta. Tad dube ni tun daga kai har ƙahwa, tac ce ɗiyar cikinai? Nac ce i. Tac ce to zauna, yau kin zo gidan maganarki.

Ashe ran nan ita ta bayan zanan! Mijinta ya rasu da wata biyu, tana cikin takaba, ga ba ko ƙwayar hatsi cikin gida, dangin miji kowa ya yi gabanai. Da taj ji za a yi taro sai tas sa anka kahwa mata zana, tas saɗaɗo ta bayan gari tana suya ɓoye, maƙwabciyarta na kai ma mutane a tire. Kin san mai takaba in anka gan ta wurin taron ƙwallo, ai ta shiga bakin duniya har ta mutu. Tana durƙushe gaban mai shina tahwasa, sai ga sa ya keto zana ya nuho ta. Ga ƙahwa ba gudu. Tac ce ta riga ta yi shahada, sai tag ga mutum da koriyar riga ya rataye ga ƙaho, sa na jan shi shina jan sa, har sunka tsaya taku biyu da kasko.

Kowa idonai na ga ƙwallo. Baba ɗai yaj ji ƙarar igiya, kunnen mahauci, kuma ya hangi hayaƙi, ya san akwai mutum can.

Tac ce da yad dube ta yag ga ba kwalli ba ɗan kunne, ga 'yar wuƙar takaba ga hannunta, yag gane. Tac ce mai bawan Allah ka ruhwa min asiri. Yac ce ban gan ki ba, ke ma ba ki gan ni ba, kada ki hwaɗa ma kowa. Yaj ja sa yah hita.

Yaya, shekara guda ana ce mai Bi-Sa. Ya rasa amininai, ya rasa ƙwallonai, don kada a yi da wata mata da ko sunanta bai sani ba. Ni ko nad ɗauke shi ina yawo da shi gari-gari ana dariya. Nay yi kuka har majina, Inna Mero na ba ni ƙosai ina ci ina kuka.

Nac ce Inna mi za mu yi? Tac ce ita ta gaji da ɗaukar wanga kaya, takaba ta ƙare tun tuni, dangin mijin da take tsoro ko gishiri ba su taɓa aiko mata ba. Amma ta yi mai alkawali. Sai tay yi murmushi tac ce ni dai ya hana ni hwaɗi, ke bai hana ki ba. Ina tashi kuma tac ce wai shin wa ke yi mai tuwo yanzu? Nac ce ni. Tac ce Allah sarki. Ban san ko wa taj ji ma tausai ba, ni ko shi.

Cikin mota nab ba Malam Yusuhu labari nac ce a gyara ƙarshen wasa. Yac ce sam. Wai dariya munka zo ba mutane ba wa'azi ba, kuma wa za shi canza wasa saura kwana goma sha biyu gaban ciyaman? Nac ce to Malam. Kin san in nac ce to da sauri haka, akwai magana. Ai shi da bakinai yak koya muna dokar nan, abin da ɗan'uwanka yah hwaɗi bisa dandali ya zauna.

Saura Baba shi zo kallo. Ina ta tunanin yadda zan jawo shi, sai jiya shi da kainai yac ce ke, an aiko min takardar gayyata. Shekara talatin ina sai da nama ban taɓa ganin inda ɗiya ke sai da naman ubanta ba, zan zo in gani. Maganar ta soke ni, amma cikin raina nac ce Alhamdu lillahi.

Tsorona guda. Asirin nan shi yar ruhe shi, ni zan buɗe. In ya ƙara hushi, ban san inda zan sa kaina ba. Ki yi min sadaka ko ta ƙuli-ƙuli ta.

Taki,
Shafa'atu.


Jega,
30 ga Agusta, 1992.

Zuwa ga Yaya Iklima, uwar Ummukulsum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da hwatan alheri gare ki da Ummaru. Lahiyarmu lau, lau ƙwarai ma. Na san kin ƙagara, to ba ni ja maki rai.

Ran Alhamis bayan la'asar hilin makaranta ya cika maƙil. Hadari ya haɗu gabas, Allah yat taimake mu iska yak kore shi. Ciyaman na tsakiya, dattawan Aliero dama, na Jega hagu. Baba can ƙarshen layi da hwarar riga, kujera ukku tsakaninai da Baba Maigari. Inna Mero ko tun azahar Yalwa yad ɗauko min ita, na ɓoye ta cikin mata.

Kahin a hwara naj ja mutanen cikin bargo gehe, nab ba su ƙosan Inna Mero cike da leda, nac ce in kun tsinke igiya kada ku yi bayan dandali awa kullum, ni za ku nuho. Na gaba yac ce Malam ya sani? Nac ce ci ƙosanka.

Wasa yat tahi yadda anka saba, dattawan ƙarya na hwaɗuwa suna tashi, ciyaman na share hawaye da hula. Na saci kallon Baba, huskatai awa an ɗaure ta da igiya. Da anka zo saura minti biyat, sai naj jawo kaskona har gaban dandali inda kowa ka gani, ina jan ƙahwa guda. Malam Yusuhu na bayan labule shina yi min hannu in koma. Nay yi awa ban gan shi ba.

Sa yat tsinke yay yo kaina. Nak kurma ihu, wayyo jama'a, ga mai bisa wuta, ga ni ba ƙahwa, wa za shi cece ni! Buba yat tsaya baki buɗe, shi dubi ƙwallo, shi dubi Malam, shi dube ni. Amma doka doka ta. Yar rugo yad daka tsalle yar rataye ga ƙaho, matashin cikinai yaz zube, na bayan sa yak kihe ƙasa ƙahwahu sama. Wuri yad ɗauki dariya, har ta hi ta Aliero.

Nan nad durƙusa gaban Buba nad ɗaga murya nac ce bawan Allah ka ceci raina, amma ka ruhwa min asiri, ban kamata a gan ni nan ba. Allah shi yi ma Buba albarka, yag gane hanya, yac ce baiwar Allah ban gan ki ba, ke ma ba ki gan ni ba. Yaya, kalmomin Baba sak, alhali ban taɓa hwaɗa mai su ba!

Sai mai hitowa kyaftin yaz zo da zaginai na kullum, mahauci ko ana ɗaura mai aure. Buba bai san mi za shi ce ba, don ba mu taɓa gwada wanga wuri haka ba. Yas sunkuyar da kai yay yi shiru. To shirun nan shi yak kashe dariya. Hili yay yi tsit, har kukan akuya kana ji daga bayan makaranta.

Ban shirya da Inna Mero ta yi magana ba, wallahi. Sai ga ta ta miƙe cikin mata tana jan ƙahwa har gaban manya. Tac ce jama'a wanga ba wasa ba na, ni ce. Ina cikin takaba yunwa tah hisshe ni, ga wanda yac cece ni can zaune da hwarar riga. Ya ce in yi shiru, na yi shekara guda, yau ɗiyatai ta riga ni, to alkawali ya sauka. Mai zagina shi zaga, ba shi yac ciyar da ni ba.

Ba wanda yaz zage ta. Mata sunka ɗauki guɗa. Sai nag ga Baba Maigari ya tashi da tumbinai ya tsallake kujera ukkun nan, yat tsaya gaban Baba yac cire hula. Yac ce Ɗantsoho kai wane irin taurin kai gare ka, shekara guda ka bar ni ina ɗaukar alhakinka? Baba yac ce ai ba ka tambaye ni ba, wa'azi kay yi. Baba Maigari yak kama hannunai ya ƙi saki. Shi ko tsohon Aliero mai gyaran wando yam miƙe yac ce to shi ya janye ƙwallonai, a sake bugawa, amma sa kam sun cinye, kada wanda yat tambaye su. Ciyaman yac ce shi za shi ba da wani, da sharaɗin a ɗaure shi bayan ragar Aliero.

Malam Yusuhu hwa? Ina jin shi da kunnena shina ce ma ciyaman wai dama haka yat tsara ƙarshen tun hwarko. Nab bar mai.

Amma ni ban ga ta murna ba tukuna, don Baba ko kallona bai yi ba yat tahi. Na dawo gida na ishe shi bisa tabarma. Nad durƙusa nesa kaɗan. Yac ce wa yab ba ki izinin buɗe abin da ba ke kinka ruhe ba? Nac ce mai abin, Baba. Yac ce da ta ƙi hwa? Nac ce da na yi shiru, in ci gaba da zama ke har in tsuhwa.

Can sai yac ce wanga yaro Buba, wa yak koya mai kamun ƙaho? Ta gaba ake zo ma sa? Da na gaske na, da yanzu muna wurin jana'izatai. Kuma rigar bai-bai yas sa ta, hwacin na hagu na. Yad dube ni yac ce Uwata, tashi ki ɗebo min ruwa, kin bar ni da ƙishirwa.

Yaya, na ɗebo ruwan, rabi ya zube hanya don ban ganin gabana.

An sa ranar sake bugawa bayan an yanke gero. Tun shekaranjiya da sahe Baba Maigari ka zowa da ƙwallo, shina buga ma Baba ƙohwar gida, ƙwallo ɗaya hutu ɗaya. Jiya sun hwasa min tulu. Baba ya ce ki aiko mai da robar ɗaurin gwiwa da man zahi, manya biyu, ɗaya na kyaftin. Ni ko yau na aika takarda rediyo, na gaida golan Jega da sunanai na gaskiya.

Ki gaida kowa da kowa. Allah shi haɗa huskokinmu da alheri.

Taki har abada,
Shafa'atu, Uwar Baba.

Af, na manta. Ina cikin ninke takarda Baba yal leƙo yac ce in tambaye ki ko akwai atamhwa mai kyau Badun, irin ta manyan mata, turmi biyu. Nac ce Baba ni ai ban sa irin ta manya. Yac ce Uwata, wa yac ce taki ta? Rubuta abin da anka ce ki rubuta. To ga shi na rubuta. Ki zaɓo wadda ka karɓar hwarar mace.